Tafiyar Garwa da Battar Goggo Dudu

Tun ranar da na sauka a tashar Jalingo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A bakin famfo tambaya, a gidan suna tambaya, har a ajinmu na yaƙi da jahilci malama ba ta gama rubuta kwanan wata a allo sai wata ta zungure ni: "Adda Mairo, wai yaya ƙasar Faransa take?" Na ce musu Kamaru na je, sun ce ai duk ɗaya ne tunda Faransanci ake yi. Na ba su labarin burodi mai tsawon muciya, na ba su na jandarma, wato ɗan sandan can, sun yi dariya sun watse. Amma akwai wanda ban bayar ba, kuma shi ne ainihin labarin. Yau na sayi sabon littafi na zauna zan rubuta shi tun daga farko, domin an ce in rubuta, kuma wadda ta faɗa tana da hakki a kaina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Mairo mai ƙuli-ƙuli ta unguwar Kachalla Sembe. Marigayi maigidana direban babbar mota ne a hanyar Lau, sigari ba ya barin leɓensa sai zai yi salla. Tari ya ci shi shekara biyu, ni ce mai zubar da kwanon da yake tofa jini a ciki. Bayan na fita takaba na shiga makarantar manya, furfura ta riga ta fara fito mini. Abu na farko da na karanta da kaina, ba malama a kusa, wata takarda ce a bangon asibiti mai bayanin abin da taba ke yi wa ƙirji. Na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na ga tamkar labarin mijina aka rubuta. Tun daga ranar ni da taba ba ma ga maciji. Mutane kuma sun ce bakina ba shi da murfi, ban taɓa musa ba.

To, a shekarar nan kansiloli suka zauna suka amince ƙaramar hukuma ta ware kuɗi don rage shan taba da cinta a gari. Sista Rifkatu, jami'ar lafiyarmu, ta ce kada a ƙarar da kuɗin a kan alluna da lasifika. Akwai mata goma sha ɗaya a rumfar taba ta kasuwa, su ke daka ganyen da kanwa su sayar wa masu ƙunsawa a baki. A saya musu injinan markaɗen gyaɗa da kaskon suya, su bar rumfar a rufe ta. Kowa ya ce shawara ta yi. Sai dai abin da hukuma ta iya warewa ba zai ɗauke su duka ba. Wata ƙungiyar agaji ta waje kuwa ta kira taro a Garwa, za ta saurari garuruwan nan gefe da can gefen iyaka, ta zaɓi kaɗan ta cika musu. Ciyaman ya ce mana, "Namu na nan a ajiye. Ku je ku zo da sauran."

Mu uku aka tura. Sista ita ce jagora. Ni zan riƙe rahoto in sa hannu a madadin ƙungiyar mata, tunda ni ce magatakarda. Ta ukunmu kuwa ita ce dukan hujjarmu: Goggo Dudu ta unguwar Abbare, shugabar matan rumfar, ƙawar mahaifiyata, wadda ta yi mini wankan jegon fari. Ta ci taba tun tana amarya, haƙoranta sun rine kamar an jiƙa su a ruwan bagaruwa. Wata huɗu kafin tafiyar wani gyambo ya fito mata a dasashi, Sista ta gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye, ta zubar da abin da ke cikin battarta ta wanke. Ta koma goro da asuwaki. Na ga wahalar da ta sha: barci ya ƙi, faɗa da kowa har da kajinta. Idan irin wannan tsohuwa ta tsaya a gaban taro ta ce ta daina, wa zai hana mu?

Da sassafe muka shiga fijo mai zuwa Yola. Damina na ƙarewa, hanya duk ramuka. A Zing muka tsaya, masu doya suka rufe motar, direba ya sayi nasa ya ɗora mana a ƙafa kamar mu ne buhunan. Muna tashi wani mai hular sanyi a gidan gaba ya kunna sigari. Hayaƙin ya taho baya kai tsaye. Na dubi Goggo, na ga hancinta na motsi kamar na akuyar da ta ji dusa.

Na ce, "Malam, kashe wannan abin."

Ya ce, "Hajiya, motar babanki ce?"

Na ce, "Ƙirjin babana ne. Ka kashe ko in kashe maka a kunne."

Mota ta ɗauki dariya. Ya juyo zai yi rashin kunya, na miƙa hannu na fizge karan na jefar ta taga. Direba ya taka burki, aka yi ta cacar baki a gefen hanya kusan rabin awa. Sista tana jan gyalena tana cewa, "Adda Mairo, ka yi haƙuri mana, ka zauna!" Hausarta irin ta wasu 'yan Jalingo ce, mace ma "kai" ce. Da muka koma mota Goggo ta ɓantari goro ta ce a hankali, "Mairo, wata rana bakin nan naki zai kai mu inda ƙafa ba za ta iya dawo da mu ba." Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Muka kwana Jimeta a gidan ƙanwar Sista, aka yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa, sauro kuma ya ci nasa rabon a jikinmu. Washegari muka hau a-kori-kura mai zuwa iyaka, mu da buhunan gishiri da wani mutum mai raguna biyu. Sau biyu motar ta kafe a taɓo. A na biyun maza suka sauka turi, ni ma na ɗaure zane na sauka, takalmina ɗaya ya nutse ban sake ganinsa ba. Da silifa ɗaya nawa, ɗaya na aro daga matar mai raguna, na shiga ƙasar waje karo na farko a rayuwata.

Iyakar ba ta cika mini ido ba. Ni da na zaci zan ga katanga da ƙofar ƙarfe, sai na ga gora an gitta a kan ganga biyu. Ɗaya gefen kuma mutanen irin namu ne, shanun irin namu, Fillanci ma ya fi namu tsabta. Jandarma mai jar hula ya zauna da babban littafi. Ya dube ni, ya dubi takalmina iri biyu, ya turo mini tawadar dangwale.

Na ce, "Ba ni biro."

Ya ce da Goggo cikin Fillanci wai me tsohuwar nan ke so. Goggo ta ce masa, "Ta yi makaranta, da hannunta take rubuta sunanta." Ya ba ni. Ni kuwa rubutuna ba na gaggawa ba ne, kowane baƙi sai na zaunar da shi da kyau. Layi ya yi tsawo a bayana, direba na ta danna ham, jandarma ya tallafe haɓa ya ce, "Madam, rana za ta faɗi." Ban ɗago ba sai da na gama. Ku riƙe wannan, don ku san yadda nake ji da sunan nan nawa a kan takarda. Shekara arba'in da wani abu ina dangwala yatsa kamar ɓarawon da aka kama.

Da ya zo binciken kaya ya ci karo da battar Goggo. Ya buɗe, ya sansana, idonsa ya yi haske, ya ce a san masa. Goggo ta kife ta a tafin hannunsa, ba ko ƙura. Ya ce to me take yi da batta babu taba? Ta ce, "Kai ma ga bindiga a kugunka, yau wa ka harba?" Ya yi dariya har da buga tebur, ya ɗaga mana gorar da kansa.

Garwa gari ne babba a bakin kogin Binuwai, ruwan da muka sani. Abin da ya fara ba ni mamaki babura ne, kamar fara, har mata na gani suna tuƙawa da jaka a kafaɗa. Burodinsu dogo ne mai tauri, ba a naɗe shi a leda, mutum ya saya ya saƙale a hammata ya yi ta yawo da shi cikin zufa, ya kai gida a ci. Da safe suna shan wani baƙin ruwa mai ɗaci, kofi, a ɗan ƙaramin kofi kamar na ba yaro magani. Miyar yakuwa suke kira folere, suna yi da kifi, kuma gaskiya ta fi tamu. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, "jam na, jam na," wato ana lafiya, sai ka manta abin da ya kawo ka. Amma masu tebur na sayar da sigari kara-kara a ƙofar makaranta, daidai yadda ake yi a gida. A wannan ba mu da abin gori.

Masu taron ba su kai mu otal ba, raba mu suka yi gidajen ma'aikatansu. Sista ta tafi masaukin mishan. Ni da Goggo aka kai mu gidan mahaifiyar wata nas, tsohuwa doguwa mai fara'a, sa'ar Goggo. Zan kira ta Dada Asta, ko da yake ba sunanta ke nan ba, dalilin zai zo. Ita dai an ce mata baƙi sun zo taron likitoci daga Najeriya, ba ta san komai bayan wannan ba. Ta ba mu ɗakinta ta koma na jikokinta, ta yanka mana zabuwa, ta ga takalmina ta shiga ta ɗauko mini nata sabo. Cikin awa ɗaya ita da Goggo sun gano kakanninsu sun taɓa kiwo a fadama ɗaya.

Bayan la'asar muna zaune a gindin mangwaro a tsakar gida. Ni ina gefe a kan tabarma ina sake kwafe rahoton da zan miƙa gobe, su biyu suna ta Fillancinsu. Sai Dada Asta ta dubi haƙoran Goggo ta yi murmushi irin na wanda ya gane ɗan garinsu. Ta sa hannu a kugu ta zaro batta. Ta tsakuro ta zuba wa Goggo a tafin hannu, kafin ma ita ta ɗiba.

Na san al'adar, kada wani ya ce ban sani ba. A wajen tsofaffin mata masu cin taba, mai gida ta buɗe miki battarta ta fara ba ki, ta ɗauke ki 'yar'uwa ke nan. Ki mayar da hannunta kuwa, kin ce ko dai ba ki yarda da abin da ke ciki ba, ko ita ba ta kai ba. Na sani. Amma biro ya tsaya a hannuna ina kallo. Goggo ta ce "useko," wato na gode. Ta ɗaga hannun zuwa baki, ta kare da ɗaya hannun yadda suke yi, ta motsa muƙamuƙi. Can ta juya ta tofar da jan yawu a gindin katanga, ta gyara zanenta, hira ta ci gaba.

Wuta ta kama ni tun daga ciki. Wata huɗu! Mata goma na jiranmu, ciyaman na jiranmu, mun ci taɓo mun ci sauro, ita kuma tsakure ɗaya ya kayar da ita. Da magariba muka shiga ɗaki yin salla, mu biyu kaɗai. Ta shafa addu'a ta dube ni ta ce, "Mairo, lafiya? Fuskarki kamar an aiko miki da mutuwa."

Na ce, "Lafiya lau."

Ni da ban taɓa haɗiye magana ba tunda uwata ta haife ni, ranar na haɗiye. Kalma huɗu ce kawai, "Goggo, kin ci ne?" Da na faɗe su da ba na wannan rubutun. Fushi ne ya hana ni, da kuma wani abu da ya fi fushi muni: na riga na yanke mata hukunci, ba na son ta ba ni uzurin da zai sa in sassauta.

Washegari aka cika wani babban zaure. Shugabar taron likita ce 'yar ƙasar, mai farin gilashi, tana Faransanci tafinta na juyawa zuwa Fillanci da Hausa. Garuruwa suka yi ta tashi. Wasu sun zo da zane-zane, wasu da waƙa, wani ma'aikaci ya karanta takarda har mutane suka fara gyangyaɗi. Da na waiwaya sai na hango Dada Asta a kujerar baya, ta ci ado da lufaya, ta biyo baƙinta don ta girmama su.

Aka kira Jalingo. Sista ta yi bayanin injinan da alkawarin ƙaramar hukuma, likitar ta gyaɗa kai tana rubutu, ta ce garuruwa kaɗan ne hukumarsu ta riga ta sa nata hannun. Sannan Goggo ta miƙe. Ba ta nemi tafinta ba, Fillanci ta yi. Ta ɗaga battar ta buɗe ta kife. Ta ce wannan ita ce kishin ruwanta da yunwarta shekara hamsin. Ta ce ta sayar wa mata masu ciki, ta sayar wa tsoffin da ba su da na abinci, tana sane, domin da kuɗin ta ciyar da marayu huɗu. Ta ja leɓenta ta nuna tabon gyambon. Ta ce, "Mu ba mugaye ba ne. Ku ba mu wani turmin, mu bar wannan." Na ga wata mata na share ido da gefen mayafi. Sista ta matse mini hannu ta ce, "Mun ci, Adda, mun ci."

Likitar ta cire gilashi ta ce, "Mama, tun wata huɗun nan ba ki sake sa ta a baki ba?"

Goggo ta ce, "Ko sau ɗaya."

A daidai lokacin wani ma'aikaci ya ajiye mini takardar shaida a gaba, ya nuna mini layin da zan sa hannu cewa duk abin da wakilan Jalingo suka faɗa gaskiya ne. Na dubi layin. Na dubi biro. Sai na ji ni a tsaye.

Na ce, "Ba zan sa sunana a ƙarƙashin ƙarya ba. Jiya bayan la'asar da idona na ga ta ci."

Tafinta ya dube ni kamar yana roƙona in janye. Na ce masa, "Juya musu!" Ya juya, da Faransanci, sannan da Fillanci. Sista ta rufe fuska da tafin hannu. Likitar ta mayar da gilashinta ta ce, "Mama, haka ne?"

Goggo ba ta dube ni ba. Ta ɗan juya kai wajen kujerun baya, sau ɗaya, sannan ta sunkuyar. Aka sake tambayarta. Ta rufe battarta, ta zauna. A lokacin na ɗauka shirun mai laifi ne. Har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini, irin na wanda aka tabbatar da maganarsa.

Da yamma aka karanta sunayen garuruwan da aka zaɓa. Babu Jalingo. Likitar ta same ni a bakin ƙofa ta ce ta yaba da gaskiyata. Har yau in na tuna wannan yabon sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Dada Asta ba ta fasa komai ba. Ta ba mu abinci, da safe ta ƙulla mana soyayyen kifi da dakuwa na hanya. Ta rungume Goggo suka daɗe. Da ta zo kaina ta ce da 'yar Hausarta, "Baƙuwa, a tsakar gidana kika gani, a kasuwa kika faɗa." Na cire takalminta zan mayar mata, ta ce in tafi da shi, hanya da ƙaya.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ba wanda ya ce da wani uffan sai "matsa" da "ga ruwa". Jandarman nan ya gane mu, ya ɗaga wa Goggo hannu yana tambayar ina batta, ba ta ko murmusa ba. A wannan karon na sa hannu da sauri, ban ma san me na rubuta ba. Wani ya kunna sigari daga Mayo Belwa har Zing, ban ce masa komai ba.

Muka sauka tashar Jalingo ana kiran azahar. Sista ta tafi neman mai amalanke. Goggo ta ce, "Mairo, zo." Muka koma bayan wata rumfa. Ta kamo haɓar zanenta, wanda ta ɗaura tun ranar da muka isa Garwa, akwai ɗan ƙulli a jiki. Ta sa haƙori ta kwance. Ta kamo hannuna ta buɗe tafin ta juye mini. Garin taba ne, tsakure ɗaya, busasshe, yawu bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Ga tabarki."

Na ce, "Amma na ga kin kai baki. Na ga kin tofar."

"Hannu na kai baki. Goro na tofar. Ke da kika yi makaranta ba ki san yadda ake karɓar abin da ba a so a gidan mutunci ba?"

"To, Goggo, don Allah me ya hana ki faɗa? Ƙullin na jikinki! Da kin kwance a gabansu, da shi ke nan!"

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yarinya in na yi wauta. Ta ce, "In kwance in ce wa ya ba ni? Matar tana zaune a baya da lufayarta. Ta ba mu ɗakinta, ta yanka mana zabuwa. In tsaya gaban likitoci da abokan aikin 'yarta in ce ga mai raba taba, kuma ni na yaudare ta a gidanta na ɓoye kyautarta kamar guba? Ke kin zubar da mutuncina, ni sai in zubar da nata in rama?" Ta karkaɗe haɓar zanen. "Ke mai rubutu ce. Ki rubuta wannan. Amma kada ki sa sunanta."

Ta ɗauki ƙunshin kayanta ta ɗora a ka, ta nufi Abbare a ƙasa. Na bi ta ina kira, ba ta waiwayo ba.

Ranar Litinin na je sakatariya da ƙafata. Na ce a bar ni in shiga, na tsaya gaban ciyaman da kansiloli na faɗi abin da na yi, ban rage ba, na buɗe musu ƙullin da na yi wa garin tabar a kan tebur. Kansilan unguwarmu ya ce, "Adda Mairo, da ma an ce mai kaifin baki shi ke yanka kansa." Na ce ban yanki kaina ba, wasu na yanka. A yi musu adalci, ba su janye alkawarinsu ba. Abin da suka ware ya sayi inji ɗaya da kasko, mata uku suka bar rumfar. An fara kiran Goggo, ta ce a ba masu ƙananan yara. Ni da Sista mun rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, amsa ta zo cikin ladabi cewa an riga an raba, sai in an sake wani zagayen. Har yanzu ba a sake ba.

Mata takwas na nan a rumfar taba. Ku da kuke tambayata labarin Garwa kuna wuce su kullum. Suna daka, ƙurar na tashi tana shiga musu hanci da ido tun safe har yamma. Goggo ce a turmin farko. Ta fara wani ɗan tari da ban so jin sautinsa ba, domin na san shi. Ko ta koma ci, ban sani ba. Ban ƙara duban bakinta ba, ba ni da wannan idon kuma.

Ƙullin yana cikin gwangwanin da nake ajiye takardar shaidata ta yaƙi da jahilci. Duk lokacin da na buɗe don in ɗauko takardar sai warin ya riga ta fitowa.

Wata uku gaisuwata kawai take amsawa, "jam," ta ci gaba da daka. Makon jiya na zo wucewa da tiren ƙuli-ƙuli sai na ji ta tsayar da taɓarya.

"Mairo."

"Na'am, Goggo."

"Kin rubuta?"

"Zan fara, Goggo."

Ta goge hannu a zane ta ce, "To ki sa har da wannan, kada ki mayar da ni waliyiya. Na yi kwaɗayinta. Kwana uku tana ɗaure a kuguna ina jin ƙamshinta, a mota, a salla, ko'ina. Bayan abin da kika yi mini na ce to me ya rage, bari in ci. Sau biyu na kai hannu kan ƙullin."

Na ce, "Me ya hana ki?"

Ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "In na ci, da me zan nuna miki?"

Na sa, Goggo. Iyakar abin da na gani a tafiyar Garwa ke nan, da wanda na rantse na gani.